Kada A Yi Wa Littafi Rabon Hatsi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ga wani al'amari da ya daɗe yana damuna.

Na taɓa halartar rabon gadon wani malami a wani ƙauye tsakanin Ƙaura da Zurmi. Aka raba gona da bisashe lafiya. Da aka zo kan littattafai sai aka kwance gafaka, aka fitar da wani littafi na rubutun hannu, aka ƙidaya takardunsa, aka kasa uku. Babba ya ɗauki farko, na tsakiya ya ɗauki ciki, auta ya tashi da ƙarshe. Kowa ya tafi yana murna ya sami albarkar mahaifi, alhali kuwa ba wanda ya tafi da littafi. Har yau ina jin kunyar shirun da na yi ran nan.

Abin da ya sa wannan ɓarna take da sauƙi shi ne littattafanmu na dā ba a ɗinke su ba. Warƙa-warƙa suke cikin tadarishi, ba lambar shafi. Marubuci yakan sa kalma ɗaya a gindin shafi, watau kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Kadan warƙa goma suka fita, to, zare ya tsinke.

Shari'a kuwa ba ta bar mu cikin duhu ba. A Risala ta Ibnu Abi Zaidi, wadda ake karantawa a kowane zaure, an bayyana cewa abin da ba ya rabuwa sai da cuta, idan ɗaya daga masu shi ya nemi a sayar, akan tilasta wa sauran, a raba kuɗin. Ashe hanya a fili take: a yi wa littafi ƙima, mai karatu cikin magada ya riƙe shi, ya biya 'yan'uwansa rabonsu.

Wani zai ce, ai yanzu ga bugun inji ko'ina. Gaskiya ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, hanyar Zariya da Kano ta buɗe. A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, daga baya Lardin Sakkwato ya sami jaridarsa, Zaruma. Ahalari da Iziyya da Ishiriniya bugun Masar da na Kano suka wadata a kasuwa, muka gode Allah. Amma inji bai buga abin da malamin garinku ya rubuta a gefen shafi da ajami yana fassara wa almajirai kalma mai wuya ba. Bai buga waƙarsa ta wa'azi ba, ko wasiƙarsa zuwa ga alƙali, ko silsilar malaman da ya ɗauki karatu gare su. Waɗannan ɗaya-ɗaya ne a duniya.

Ku tuna ƙasar nan ba baƙuwar ilmi ba ce. Shehu Usmanu ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a Zamfara tun kafin hijirarsa ta 1804. Mutanen Namoda da na Zurmi suna cikin waɗanda suka taimaki jihadi har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Inda aka yi wannan, lalle an yi rubutu. Ina yake? Dā gara da gobara da yoyon ɗaki muke tsoro. A shekarun nan kuma sai ga 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, kuma mai gudu da dare 'ya'yansa zai ɗauka, ba gafaka ba.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Malamai, ku rubuta sunayen littattafanku a takarda guda, ku yi wasiyya kada a tsinka su. Almajirai masu waya, ku ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, da gefensa duka, ku aje a wuri fiye da ɗaya. Akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna wanda aka kafa a 1970, aikinsu ke nan tsare irin waɗannan takardu. Ku kuma fatake masu cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ladan marubuci ɗaya da zai sake kwafe littafi bai kai ribar bijimi guda ba, ga shi kuwa sadaka ce mai gudana.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Haza wassalam.