Ƙarar Gefen Babur: Yadda Ake Sauya Mazaunin Noti

A shirinmu na wannan mako mun leƙa unguwar Klemat, a gunduma ta 2 ta birnin Njamena, ba nisa da Babbar Kasuwa, muka zauna da masu gyaran babur a kan wata 'yar matsala da kowa ke rainawa: murfin roba da ke kaɗawa yana ƙara.

Alhaji mai ɗauko kaya daga Kusseri ta gadar Ngeli, da kai malam makiyayi mai bin shanu zuwa kasuwar Durbali ko Masakori, duk kun san wannan ƙarar. To ku sani, robar nan ba ado kaɗai ba ce. Murfin gefe shi ke rufe batir da wayoyin wuta da akwatin matatar iska, na gaba kuma shi ke kewaye da fitila. In ya faɗi a daji, ƙura da ruwan sama sun sami ƙofa, ranar sayar da babur kuma mai saye zai rage muku kuɗi.

Sau da yawa laifin ba na bolti ba ne. Mazaunin da yake shiga ne ya lalace, ko dai haƙoransa sun cinye, ko yana juyawa tare da boltin. Shi ya sa za ku yi ta ɗaurewa, ya ƙi kamawa. Kada ku cusa bolti mafi kauri, zai tsaga robar. Ɗauri da waya ma na kwana biyu ne, girgizar hanya takan sa wayar ta yanke robar kamar zarto.

Ku cire murfin ku juya bayansa, za ku ga ɗaya daga cikin iri uku.

Na farko, maƙalin ƙarfe ne mai siffar harafin U, wanda ke cije da bakin robar. Wannan shi ne mafi sauƙi. A zare shi da sukurudireba, a tura sabo, a daidaita raminsa da na robar.

Na biyu, noti ne na baƙar roba mai tagulla a ciki. In an ɗaure bolti sai ya kumbura ya riƙe. Zafin rana da fetur suna busar da shi har ya tsattsage. Ba a gyara shi: a ciro da filaya, a danna sabo.

Na uku, noti ne na tagulla da aka dasa cikin jikin robar tun daga kamfani. Wannan sai da haƙuri. A ɗora masa bakin ƙarfen dalma, irin na masu gyaran rediyo da waya, har robar da ke kewaye ta yi laushi, sannan a zaro shi a hankali. Sabon ma da zafi ake nutsa shi, a tsaye sak, a bar shi ya huce kafin a taɓa. In ramin ya yi faɗi, a wanke shi da sabulu ya bushe, a cika da gam ɗin nan mai bututu biyu da ake gaurayawa. A shafa wa bolti giris, a murɗa shi cikin notin kafin a dasa, don kada gam ya toshe haƙoran. A bar shi ya kwana. Sufagulu kuwa ku bar shi, ƙanƙarewa yake yi ya fashe da girgiza.

Wata robar gam ba ya kama ta ko kaɗan. In haka ne, ko mazaunin ya karye gaba ɗaya, a huda ramin ya fita ta baya, a sa bolti da wosha mai faɗi da noti, a yanko guntun tsohon tub a sa tsakani don ya shanye girgiza.

Batun girma: yawancin waɗannan boltoci milimita 5 ne ko 6, a shago ana ce musu M5 da M6. Mai 6 galibi sifana mai lamba 10 ke kwance shi, mai 5 kuma lamba 8. Ku tafi da tsohon a aljihu, ku gwada a gaban mai shago.

Gargaɗi ga masu ɗaukar jarkoki: aikin zafi a yi shi nesa da tanki da fetur, bayan an cire murfin daga jikin babur.

Wajen mayarwa, ku fara murɗa kowane bolti da yatsu. In ya cije tun farko, ya hau karkace ne, ku dawo da shi baya. Sai duk sun shiga sannan ku ɗaure, kuma da zarar ya kama ku tsaya, roba ba ƙarfe ba ce.

Gobe da safe kafin ku ɗaura kaya, ku ɗan girgiza kowane murfi da hannu. Wanda ya amsa, ku duba shi tun kuna gari. Allah ya kiyaye hanya, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.