Abin da Ke Sa Batirin Wayar Hannu Saurin Ƙarewa, da Maganinsa

Zuwa ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ta zama kayan aiki kamar fartanya. A ƙasar Kura da Bunkure, inda a ke noman rani da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama ginawa a 1974, da waya ne manomi kan ji ranar da za a sako ruwa, ya tambayi kuɗin kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, ya kira mai mota. Tumatir kuwa ba ya jira. Wanda wayarsa ta mutu tun da hantsi, ya yiwu kayansa su kwana a bakin hanya su ruɓe. Saboda haka aka buga wannan takarda, domin hakimai su sanar da dagatai da masu unguwa, su kuma su sanar da jama'arsu.

Yadda batir ya ke

Batirin wayoyin yanzu da wani sinadari a ke yinsa mai suna litiyam. Kowane caji ya kan ɗan rage ƙarfinsa, kamar yadda igiyar guga ke cinyewa a bakin rijiya. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin wayoyinsa, har zuwa iPhone 14, an yi shi ne don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan ya cika ya ƙare sau 500. Ke nan wayar da ta shekara biyu a na cajinta kullum, tilas ta rage riƙe wuta. Wannan tsufa ne, ba ha'incin mai shagon caji ba. Amma akwai abubuwa huɗu da mai waya zai iya gyarawa da hannunsa.

1. Zafi. Shi ne babban abokin gabar batir. Zafin da ya haura digiri 35 ya kan yi masa lahanin da ba ya gyaruwa, ga shi kuwa a bazara zafin ƙasar Kano ya kan kai 40. Kada a ajiye waya a rana a kan kunya, ko a kan babur, ko kusa da injin ban ruwa. A sa ta a inuwa. Idan ta yi zafi, a bari ta huce kafin a sa mata caji.

2. Ƙarancin sabis. Idan waya ta yi nisa da ƙarfen sabis, sai ta ƙara ƙarfi wajen neman sa, ta sha wuta ko ba a taɓa ta ba. Wanda zai wuni a gonar da sabis ba ya kaiwa sosai, ya rufe data, ko ya danna alamar jirgin sama, sai lokacin da zai yi kira.

3. Hasken fuskar waya. Da tsakar rana mutum kan ƙure hasken don ya gani, sa'an nan ya manta. Lalle ne a rage shi idan an shiga inuwa, a kuma saita fuskar ta riƙa mutuwa bayan rabin minti.

4. Manhajojin da ke aiki a ɓoye. A cikin saitin kowace waya akwai wurin da ke nuna manhajar da ta fi shan batir. A duba, a goge wadda ba a bukata. A kashe Bluetooth da mai nuna wuri in ba a amfani da su, a kunna tsarin tanadin batir.

Game da caji

Kamata ya yi a sa caji kafin batir ya sauko ƙasa da kashi 20, kada a saba barinsa ya mutu ɗungum. A yi amfani da caja ta ƙwarai, gama mai arha ta kan zafafa waya. Idan an ga bayan waya ya kumbura, a daina cajinta nan take, kada a huda batirin, kada a jefa shi a wuta, domin ya kan kama da gobara. A kai wa gwanin gyara ya sake sabo, ko a gari ko a kasuwar waya ta Farm Centre a birnin Kano.

A na roƙon malaman ofis su karanta wannan bayani a taron dagatai da ranakun kasuwa, musamman kafin shigowar bazara. Rigakafi ya fi magani.