Neman littafi da na'ura: suna ɗaya, rubutu iri-iri

A da, ɗalibin Jami'ar Yamai mai shirin rubuta kundinsa na ƙarshen karatu sai ya tsaya gaban akwatunan katuna a ɗakin littattafai, yana juya su ɗaya bayan ɗaya har ya dace da abin da yake biɗa. Yau kuwa daga Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, garuruwa ukun nan da suka sami jami'o'insu a shekara ta 2010, ɗalibi na iya buɗe Sudoc ta intanet kyauta, wato babban jerin littattafan da ke ajiye a jami'o'in ƙasar Faransa, inda aka tara rubuce-rubuce masu yawa a kan tarihin Nijar.

Sai dai na'ura ba ta san gari ba, ba ta san mutum ba, baƙaƙen da aka danna mata kaɗai take bi. Nan ne ɗalibai da dama suke tuntuɓe. Wanda ya rubuta "Hausa" ya tsaya, yana iya rasa littattafan da Faransawa suka sa wa "haoussa". Haka Tasawa take zama Tessaoua, Tawa ta koma Tahoua, Adar kuma wani wuri Ader. Mai neman littafin Abdoulaye Mamani na 1980, in ya rubuta Sarauniya yadda Bahaushe ke rubutawa, sai ya wuce shi, domin Sarraounia ne a bangon. Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ma ya fi kowa shan wannan: Ousmane ga masu Faransanci, Usman ko Uthman ga masu Ingilishi. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuma, irin su ɗ da ƙ, sau da yawa masu tsara jerin ba su sa su ba, don haka gara a gwada Maradi kafin Maraɗi.

Abin lura shi ne, ɗalibin da na'ura ta ce masa babu, ya kan shiga kundinsa ya rubuta cewa ba wanda ya taɓa yin bincike a kan batun. Ranar da ya tsaya gaban malamai, sai wani ya tuna masa da aikin André Salifou na 1971 a kan sarautar Damagaram, ko na Djibo Hamani na 1975 a kan Adar kafin zuwan Turawa, dukansu biyu cikin jerin Études nigériennes.

Sudoc dai galibi wurin da littafi yake ajiye yake nunawa, ba ya miƙa shi. Mai son karanta maƙala cikakkiya sai ya leƙa Persée, inda tsofaffin fitowar mujallu kamar Cahiers d'études africaines suke a buɗe ga kowa. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kuwa, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa, suna cibiyar IRSH a Yamai, kuma a can mai bincike ke zuwa ya buɗe su a gaban masu kula da su.