AMANAWA: INDA EN'E DA 'YAN MISHAN SUKA HAƊU KAN KUTURTA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Boɗinga ko Shagari ya san sunan Amanawa, ko da bai taɓa sa ƙafarsa can ba. A zamanin iyayenmu, in aka ce an tafi da wane Amanawa, ba a ƙara tambaya. Mata su yi salati, maza su sunkuyar da kai, don kowa ya san abin da ya kai shi. Wurin yana kudu da birnin Sakkwato, cikin ƙasar Dange-Shuni ta yanzu, maƙwabciyar Boɗinga. Can ne aka kafa babban asibitin kuturta na Lardin Sakkwato, waɗanda suka riƙe shi kuwa shekara kusan arba'in Turawan Mishan ne, Kiristoci, a tsakiyar ƙasar Sarkin Musulmi. Yaya aka yi haka ta faru?

Abin tambaya ne, domin ƙofar a rufe ta ke tun farko. A watan Maris na 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba. Razdan-Razdan da suka biyo baya suka riƙe wannan magana da ƙarfi, suka hana 'yan Mishan zama cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. Ko Likita Mila, wanda ya samu ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya sai da aikinsu ya koma Wusasa, bayan gari. Ƙungiyar S.I.M. kuwa, wadda samari uku suka fara a 1893, biyu daga cikinsu suka mutu kafin shekara ta zagayo, sai ta yi ta kewaye ta wajen Nupe da Kudancin Zariya da Jos, tana hangen Kano da Sakkwato daga nesa.

Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Ba sabuwar cuta ba ce a ƙasar Hausa, kuma ba a ce mutanenmu sun yar da masu ita ba. Suna da unguwarsu, suna da Sarkin Kutare, suna da rabonsu na sadaka ran Juma'a. Har karin magana ya ce, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Abin da babu shi ne magani. Wasu su ce gado ce, wasu su ce cin kifi da nono ke kawo ta, wasu su ce rantsuwar ƙarya ce ta kama mutum. Alhali tun 1873 wani likitan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya ga ƙwayar cutar da idonsa cikin madubin likita, amma labarin bai iso ƙauye ba, ko da ya iso kuma ba shi da abin da zai ba mai ciwo ya sha.

A kudu da gabas 'yan Mishan sun riga sun fara aikin: an buɗe sansanin Garkiɗa a 1929, na Uzuakoli a 1932. A 1936 wani babban likitan kuturta, Likita Muir, wakilin ƙungiyar Ingila mai taimakon masu wannan cuta, ya zaga Nijeriya, ya ba da shawara kowane lardi ya sami babban sansani guda. To, wa zai riƙe? Likitocin Gwamnati 'yan kaɗan ne, kuɗi kuwa sun yi wuya a shekarun nan. En'e tana da ƙasa da baitulmali da ikon kiran talakawa, ba ta da likita. Mishan tana da likitoci da matan jinya waɗanda suka baro Amurka da Kanada da Ingila don kansu, ga gudummawar masu ibadarsu a can, amma ba ta da izinin shiga. A 1937, zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, aka daidaita, S.I.M. ta karɓi aikin kuturta a larduna uku: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Da Sarki Hassan ya rasu a 1938, aikin ya ci gaba a hannun Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Kada mai karatu ya zaci sarakuna tilasta musu aka yi. Wata masaniyar tarihi, Shobana Shankar, wadda ta bi takardun zamanin ta kuma zanta da tsofaffin da suka zauna a wuraren, ta nuna cewa sarakunan sun ɗauki abin a matsayin nasu. Sadakar da aka saba bayarwa a ƙofar fada ita suka mayar aikin hukuma, watau kuɗi na fita daga baitulmali da lissafi, malamin En'e na rubutawa, hakimi da dagaci na turo marasa lafiya.

Zaman Amanawa ba zaman kwanciya a gado ba ne. Mutum kan yi shekaru. Mai ƙarfi ya yi noma, mai sana'a ya yi sana'arsa. Maganin da a ke da shi a lokacin man wata itaciya ce ta ƙasar Indiya, wanda a ke ɗura wa mutum da allura cikin fata a kai a kai. Allurar tana da zafi ƙwarai, amfaninta kuwa kaɗan ne, gaskiya ta fi. Abin da ya fi taimakon mutane shi ne wankin gyambo kullum, da abinci, da samun wanda zai kama hannunka ba tare da ya ja baya ba. Wanda bai taɓa ganin an ajiye masa ƙwarya daban a gidan ubansa ba, ba zai san girman wannan ba.

Sa'an nan ga karatu. Malamai za su fi kowa gane wannan, in sun tuna yadda makarantar boko ta ke da wuya a ƙasar nan a lokacin. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, sai da ya bar garinsu ya tafi Yabo kafin ya sami elementare. Ɗan talaka mai tabo a jiki kuwa, wa zai ma kai sunansa? Amma a sansanonin Mishan ana koya wa yara da manya karatu da rubutu cikin Hausar boko, shekaru kafin Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaga tutar Yaƙi da Jahilci. Sai ga abin mamaki: wanda aka fitar daga ƙauye don ƙyama, shi ne ya komo ya iya karanta takardar haraji.

A nan ne kuma ƙaya ta ke. Littafin da ya fi yawa a hannun 'yan Mishan shi ne Littafi Mai Tsarki, wanda aka gama juyawa cikin Hausa a 1932, kuma ba su taɓa ɓoye cewa wa'azi ne ya kawo su ba. Sarakuna sun san haka, Razdan ma ya sani. Don haka aka kafa sharaɗi kada a yi wa ɗan Musulmi wanda bai kai shekara 18 ba wa'azi ba da yardar iyayensa ba, aka yi ta jayayya a kan sharaɗin shekara da shekaru. Waɗansu majinyata sun karɓi addinin Kirista, mafi yawa sun koma gida da sallarsu. A ganina, mai cewa Turawan nan dabara kawai suka yi bai yi musu adalci ba, domin ba a wanke gyambon wani shekara ashirin don dabara. Amma mai cewa tsoron iyaye ba shi da tushe shi ma bai yi adalci ba. Yaro mara lafiya, nesa da uwa tasa, a hannun wanda ke ba shi tuwo da magani, ba ya cikin halin da zai ce a'a. Kowane ɓangare ya zauna da ɗan'uwansa ido a buɗe, aikin kuma bai tsaya ba.

Wata 'yar ƙwaya fara ce ta sāke al'amarin duka. Wajen ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli, Likita John Lowe ya tabbatar cewa maganin nan dafson, in an ba da shi kaɗan kaɗan ta baki, yana kashe cutar, ga shi da araha. Daga farkon shekarun 1950, da shawarar Likita Ross, Gwamnatin Arewa ta baza shi ƙauyuka. Ba sai mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ba. Ya zo ɗakin shan magani na En'e, ko gindin wata itaciya ranar kasuwa, malamin kuturta ya iso bisa kekensa da littafin sunaye, ya kira shi, ya haɗiye ƙwayarsa a gabansa, ya koma gida. Da yawa cikin masu wannan aiki a sansanonin Mishan suka koyo shi, waɗansunsu ma tsofaffin majinyata ne. Ta haka Amanawa ta isa garuruwa irin su Boɗinga da Shagari, maimakon su su riƙa zuwa wurinta. Hausawan ƙetaren iyaka ma sun sami rabonsu, don S.I.M. ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da na kuturta a Danja kusa da Maraɗi a 1956.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitoci da makarantun Mishan, En'e ita ma aka rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Amanawa ta zama asibitin Gwamnati, har a 2020 aka keɓe masu cutar korona a can. Iyalan tsofaffin majinyata da ba su koma garuruwansu ba suna zaune kewaye da ita. Kiristoci masu aikin taimako ba su janye gaba ɗaya ba: ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda aka kafa tun 1874, ta ci gaba da taimakon aikin a Jihar Sakkwato, sai dai yanzu ma'aikatanta 'yan ƙasa ne, kuma tare da Ma'aikatar Lafiya su ke aiki.

Ita cutar fa? Da ƙwayar cutar ta fara jure wa dafson, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1981 a riƙa haɗa magani uku, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Wata 6 ne ga mai ƙaramin kamu, wata 12 ga mai babba, mutum ya warke sarai. Da zarar ya fara sha ya daina yaɗa ta. Mutum 95 cikin ɗari ma jikinsu ba ya karɓarta ko sun zauna da mai ita. A 1998 Nijeriya ta kai matsayin da a ke nema, watau ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, sai mutane suka ɗauka an gama. Ba a gama ba. Har yanzu a kan sami sababbin kamu fiye da dubu kowace shekara a ƙasar nan, cikinsu har da yara. Kuma daga 2024 zuwa watan Maris na 2025 maganin ya yanke wajen shekara guda saboda tsaikon takardun shigo da shi, masu ciwo suna jira, jijiya tana mutuwa. Jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa, shi ya sa yatsu ke gutsurewa, don mutum ya kan ƙone ko ya yanke bai ji ba.

Saboda haka, malam mai riƙe da aji a Boɗinga ko Shagari, da kai magatakarda magajin malamin En'e, aikin da ya rage irin naku ne. Kuturta ba da dungu ta ke farawa ba. Tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, ba ƙaiƙayi, ba ciwo, ya kan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ya bayyana, sau da yawa kuma a kan ce ƙyasfi ne a ƙyale. Gwajinsa ba wuya. A sa yaro ya rufe ido, a shafi tabon da bakin auduga, a ce ya nuna inda aka taɓa. In bai ji ba, kada a kore shi daga aji, kada kuma a yi maganar gaban 'yan'uwansa. A kira ubansa gefe, a rubuta masa takarda zuwa ga jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma.