Tashar jiragen ruwa ta Baro: Me ya sa yashe Kogin Neja sau ɗaya bai wadatar ba?

A watan Janairun 2019 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya je garin Baro da ke Ƙaramar Hukumar Agaie a Jihar Neja, ya ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwa a gaɓar Kogin Neja. Fatan da aka yi a lokacin shi ne kayan da ake shigowa da su daga teku su riƙa isowa Arewa ta ruwa, amfanin gonar Arewa kuma ya riƙa gangarawa Kudu ta wannan hanya. Shekaru sun shuɗe, amma har yanzu tireloli ne ke dakon mafi yawan kayan daga Legas zuwa Kano, tashar kuwa ba ta kama aiki yadda aka yi zato ba.

Ba yau Baro ta fara wannan matsayi ba. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa layin dogo daga garin, ya bi ta Minna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Jiragen ruwa kan hauro kogi da kaya su sauke a Baro, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Arewa. Da aka kammala gadar Jebba, layin Legas ya miƙe kai-tsaye har Kano, sai kasuwar Baro ta fara ja baya. Tun wancan zamani matsalar kogin ɗaya ce: da damina ya cika ya batse, da rani kuma ruwa ya janye, tsibiran rairayi su fito fili, babban jirgi ya kasa wucewa.

Aikin da aka yi a 2009

Domin magance wannan matsala ne marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin a Lokoja a watan Satumban 2009. Aikin ya shafi tsawon kilomita 572 daga Warri a Jihar Delta zuwa Baro, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 36, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA.

Mutane da dama kan ɗauka cewa yashe kogi na nufin kwashe rairayin da ke cikinsa daga wannan gaɓa zuwa waccan. A zahiri hanya guda ake haƙawa a cikin kogin, kamar titi a ƙarƙashin ruwa. Da farko masu awo kan zagaya da na'urar da ke aika sauti zuwa ƙasan ruwa don gano zurfin kowane wuri. Daga nan sai a kawo jirgin haƙa mai dogon bututu, wanda bakinsa ke da haƙoran ƙarfe masu juyawa. Haƙoran su farfasa laka da rairayi, famfo ya zuƙe su haɗe da ruwa, ya tura ta bututu zuwa inda aka keɓe don zubarwa. A ƙarshe a kafa alamomi masu yawo a saman ruwa domin matuƙa su san inda hanyar ta bi.

Kogi ba ya hutawa

Abin da ke sa aikin ya zama mai wuya shi ne kogi ba ya daina ɗauko ƙasa. Duk damina ruwan sama na wanke gonaki da kwazazzabai, ya zuba cikin ƙananan koguna, su kuma su kai wa Neja. A Lokoja, Kogin Binuwai na ƙara nasa kason. Inda duk gudun ruwa ya ragu, rairayi sai ya kwanta, kuma ramin da aka haƙa na daga cikin wuraren da ya fi saurin cikawa. Babbar ambaliya guda, irin ta 2012 ko ta 2022, na iya kawar da tsibirin rairayi daga wani wuri ta dasa shi a tsakiyar hanyar jiragen.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka raba aikin gida biyu: haƙar farko wadda ke buɗe hanya, da kuma yasar da ake maimaitawa lokaci-lokaci don kada hanyar ta toshe. Ta farko ita ce ake yi wa biki a yanka ƙyalle. Ta biyu ba ta da biki, sai kasafin kuɗi na kowace shekara, da jiragen haƙa masu lafiya, da ma'aikatan awo da ba sa barin ruwa. Hatta manyan tashoshin duniya irin su Rotterdam a ƙasar Holan ba su taɓa daina yasar hanyoyinsu ba. Idan aka yi ta farko aka yi sakaci da ta biyu, kuɗin sun bi ruwa.

Tasha ba ta tsayuwa ita kaɗai

Ko da hanyar ruwan ta buɗe, kaya ba za su kwana a bakin kogi ba. Hanyar motar da ta taso daga Agaie ta bi ta Katcha zuwa Baro ta daɗe tana jiran a kammala ta, tsohon layin dogon Baro zuwa Minna kuma ya daina aiki tuntuni. Babu ɗan kasuwar da zai ɗora kwantenarsa a jirgi alhali bai da tabbacin zurfin ruwa a watan Afrilu, ba shi kuma da tabbacin motar da za ta fitar masa da ita daga tasha.

Asarar da ake yi a bayyane take. Jirgin dako guda mai ɗaukar tan 1,000 na iya maye gurbin tireloli fiye da 30 masu ɗaukar tan 30 kowace. Kaya masu nauyi da ba sa saurin lalacewa, kamar taki da siminti da hatsi da ƙarafa, su suka fi dacewa da ruwa. Duk tan ɗin da ya bi kogi, raguwar man dizal ce, da raguwar ramuka da haɗurra a manyan hanyoyi, da sauƙin farashi ga manomin da ke jiran taki.

Sai dai aikin na da nasa illolin. Haƙa kan gurɓata ruwa, ta lalata wuraren da kifi ke ƙwai, idan kuma aka zubar da rairayi ba bisa tsari ba, yana iya binne fadamun da mutanen bakin kogi ke nomawa. Dole a zauna da masunta da manoma kafin a sa injin a ruwa. Haka kuma yashe hanyar jirage ba maganin ambaliya ba ne shi kaɗai, domin ruwan da ke saukowa a shekarar babbar ambaliya ya fi ƙarfin ramin da aka haƙa.

Don haka duk lokacin da wani jami'i ya sake alƙawarin farfaɗo da Baro, akwai tambayoyi uku da ya kamata 'yan majalisa da 'yan kasuwar Arewa su yi masa: nawa aka ware don yasar kogin a kowace shekara, yaushe aka yi awon zurfinsa na ƙarshe, kuma wace rana za a kammala hanyar Agaie zuwa Baro?