Soke Kwangila Ba Tare da Laifi Ba: Yadda Takardar Washington Ke Isa Umm Rakuba

Jihar Gadarif da ke gabashin Sudan ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Kakanninmu masu tafiya Makka a ƙasa sun yada zango a can, wasu suka zauna suna noman dawa da riɗi, jikokinsu na nan har gobe. A wannan jiha ne, kusa da garin Doka, ba nisa da iyakar Habasha, sansanin Umm Rakuba yake. Ya taɓa karɓar 'yan Habasha lokacin yunwar shekarun 1980, aka rufe shi, sannan aka sake buɗe shi a watan Nuwamban 2020 da yaƙi ya ɓarke a yankin Tigray na Habasha. Mutum fiye da 60,000 ne suka tsallako Sudan, aka raba su tsakanin Umm Rakuba da Tunaydba da wasu wurare. An yi sulhu a Pretoria a 2022, amma da yawansu mutanen yammacin Tigray ne, wajajen Humera, kuma sulhun bai buɗe musu hanyar gida ba. Ana cikin haka yaƙin Sudan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, mai masauki shi ma ya shiga neman mafaka.

A sansani irin wannan, kusan duk abin da ido ya gani akwai takarda a bayansa. Ruwan da ke zuba a famfo, buhun hatsi, allon makaranta, ungozomar da ke kwana a asibiti, mai kwashe masai: kowanne yana rataye da wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a wata ƙasa. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, da takwararta ta gwamnatin Sudan su ke riƙe da sansanin, amma kuɗin daga gwamnatoci masu ba da gudummawa yake fitowa, kuma babbarsu a lokacin ita ce Amurka. To a cikin takardun gwamnatin Amurka akwai wani sharaɗi da mutane ke tsallakewa wajen karatu, domin an ɗauka ba za a taɓa aiki da shi ba.

Soke kwangila iri biyu ne. Na farko kowa ya san shi: ɗan kwangila ya gaza, ko ya yi ha'inci, ko ya wuce wa'adi, sai a ƙwace aikin, wani lokaci har a ci shi tara. Na biyu shi ne wanda ba laifin kowa. Aiki na tafiya daidai, rahoto na zuwa a kan kari, sai gwamnati ta rubuto ta ce ta ga dama ta daina, domin hakan ya fi dacewa da muradinta. Ba sai ta kawo hujjar gazawa ba. Ɗan kwangila ba shi da irin wannan dama a nasa ɓangaren.

Yaƙi ne ya haifi wannan sharaɗi. Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, gwamnati ta tarar da kanta da tarin odar kayan faɗa da ba ta da sauran buƙatarsu. A 1875 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Corliss mai ƙera injunan jiragen ruwa, ta amince cewa sakataren sojan ruwa na da ikon tsayar da aiki ya yi sulhu da kamfani kan abin da aka riga aka yi. Yaƙin duniya na biyu ya kawo dokar warware kwangiloli ta 1944. Daga nan sharaɗin ya fita daga bariki ya shiga kowace ma'aikata. A 1963, a shari'ar kamfanin G. L. Christian da aka soke masa aikin gina gidajen sojoji a Fort Polk, kotu ta ce ko an manta ba a rubuta sharaɗin a kwangila ba, a ƙaddara yana ciki. A gaskiya dalilinsa ba na banza ba ne. Ba mai hankalin da zai ce a ci gaba da biyan kuɗin harsashi bayan an ajiye bindiga.

Inda maganar take shi ne lissafin da ke biyo baya. Mu ɗauka an ba wani kamfani aikin gina masai 100, ya gama 40, ya haƙa ramin 20, siminti da rodi na jibge a sito, sai takarda ta iso. Tun daga ranar dole ya dakata, ya sallami ƙananan 'yan kwangilar da ya ɗauko, ya killace kayan da ke hannunsa. Za a biya shi kuɗin 40 ɗin da ya gama. Za a biya shi abin da ya kashe kan ramukan da ribar da ta dace da wannan ɗan aikin, da kuɗin warware odar da ya bayar, har da ladan akawu da lauyan da suka haɗa masa takardun neman haƙƙi. Doka ta ba shi shekara guda ya miƙa lissafinsa na ƙarshe. Abin da ba zai samu ba shi ne ribar da ya sa rai a kan sauran aikin da bai yi ba. Kamar tela ne da aka ce masa a bar ɗinkin bayan ya yanka yadi: a biya shi zare da wahalar yanka, amma ladan ɗinkin ya tafi. Kotu ba ta tsoma baki sai in an nuna mugun nufi ko wuce gona da iri a fili, kuma nuna hakan ba wasa ba ne.

Duba wannan lissafi da kyau. An tuna da siminti, an tuna da lauya. Mutanen da aka yi niyyar gina wa masan kuwa ba su da layi ko ɗaya a cikinsa, domin ba su sa hannu a komai ba. A kwangilar harsashi hakan daidai ne, tunda mai saye shi ne mai amfani da kayan. A aikin agaji mai biya daban, mai amfana daban, kuma wanda ake yi domin shi ba shi da bakin magana.

Yawancin ayyukan agaji ma ba kwangila ba ne, tallafi ne, wato gwamnati ba saye take yi ba, taimaka wa ƙungiya take ta yi aikin da suka yarda a kai. A da, soke tallafi ya fi wuya. A 2020 aka gyara ƙa'idojin tallafi na gwamnatin tarayyar Amurka, aka sa cewa hukuma na iya janyewa idan aikin ya daina biyan buƙatar shirin ko abin da hukumar ta sa a gaba. Tunda abin da hukuma ta sa a gaba na iya sauyawa da sauyin shugaba, ƙofa ta buɗe ke nan. Kuma mai karɓar tallafi ya fi ɗan kwangila rauni: ba ya cin riba tun asali, ba shi da asusun ko-ta-kwana, abin da za a mayar masa kawai shi ne kuɗin da ya kashe bisa ƙa'ida kafin ranar sokewa, da alkawuran da ba yadda zai yi ya warware su.

Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da agajin ƙasashen waje na kwana 90. Kwana huɗu bayan haka umarnin tsayar da aiki ya fita daga ma'aikatar harkokin waje. An ce an keɓe ayyukan ceton rai, amma hanyar biyan kuɗi ta toshe, izini ba kuɗi kuwa ba ya sayen man janareta. A ƙarshen Fabrairu takardun sokewa suka fita dubbai a lokaci guda. Ranar 10 ga Maris sakataren harkokin waje Marco Rubio ya sanar da cewa an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen USAID, hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, kimanin kwangila 5,200. Wasu an soke su, bayan 'yan kwanaki aka dawo da su, kamar na kamfanin Mana da ke jihar Jojiya mai haɗa abincin gyaɗa na yara masu tamowa. Ranar 1 ga Yuli USAID ta rufe.

A Sudan, inda aka fara jin zafin shi ne ɗakunan girki na unguwa da 'yan sa-kai ke gudanarwa, waɗanda ake kira takaya. A Fabrairu masu tafiyar da su suka ce fiye da 1,100 sun rufe, kusan kashi 80 cikin 100. Ita kuwa UNHCR, wadda a lokacin Amurka ke ba wa kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗinta, a watan Yuni ta sanar da rage gurabun aiki kimanin 3,500.

Sansani kamar Umm Rakuba a ƙarshen igiyar yake. Kuɗi kan fito daga Washington zuwa babbar hukuma ko babbar ƙungiya, ita ta yanka wa ƙaramar ƙungiya ta cikin gida, ita kuma ta ɗauki direban tanka da 'yan gudun hijirar da ke aikin tsafta ko koyarwa a kan ɗan alawus. Kowane mataki yana kwafo sharaɗin sokewa ya ɗora wa na ƙasa da shi, amma wa'adin na ƙara gajarta, kariyar na ƙara sirancewa. Babbar ƙungiya na da lauya da shekara guda. Mai alawus sai dai a ce masa daga gobe ya huta. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a sansanin tun sake buɗe shi, ba ta karɓar kuɗin gwamnatin Amurka, don haka ba a soke mata komai ba. Sai dai idan maƙwabci ya rufe ƙofa, layin marasa lafiya a bakin taka yake ƙaruwa.

Sannan akwai damina, wadda ba ta karanta takarda. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Daga Yuni zuwa Oktoba hanya kan zama taɓo, mota ta kafe har gindi. Duk aikin magudana, gyaran masai, ɗaure rumfuna da jibge abinci da magani a rani ake yin sa. Daminar 2021 ta nuna abin da kan faru: iska da ruwa suka yi kaca-kaca da tantuna, ciwon hanta mai bin gurɓataccen ruwa ya ɓulla a Umm Rakuba. Aikin da aka tsayar a Fabrairu, ko an dawo da shi a Yuni, shekarar ta riga ta kuɓuce.

Kotu fa? Ta taimaka, amma a kan bashi. Alƙali Amir Ali ya umarci a biya kusan dala biliyan 2 na ayyukan da aka riga aka yi, kuma ranar 5 ga Maris ɗin 2025 Kotun Ƙoli, da ƙuri'a 5 da 4, ta ƙi tsayar da umarnin. Wata guda bayan haka, a wata shari'a kan tallafin horar da malamai, kotun ta karkata ga cewa irin wannan ƙara ta kotun da'awar kuɗi ce. Ita kuwa wannan kotu diyya take bayarwa, ba ta cewa a koma bakin aiki. A watan Agusta wani sabon umarnin shugaban ƙasa ya ce a riƙa sa sharaɗin soke don ganin dama a cikin takardun tallafi.

A ganina ikon janyewa haƙƙin kowace gwamnati ne. Kuɗin masu biyan harajinta ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗauko awon da aka yi wa harsashi a auna ruwan sha da shi. Ko tsarin kwangilar gini na FIDIC, wanda injiniyoyinmu suka sani, ya wajabta sanarwar kwana 28 kafin mai ba da aiki ya janye ba laifi. Asibitin haihuwa ya fi kwalbati cancantar wa'adi, da kuɗin miƙa aiki ga wani, da lura da lokacin shekara.

Ga masu ƙananan ƙungiyoyi a Gadarif ko Maiduguri ko Maraɗi da ke karɓar aiki daga hannun manya: kafin ku sa hannu, ku nemo shafin sokewa ku karanta shi kafin shafin kasafi. Ku tambayi kwana nawa ne wa'adi, wa zai biya haƙƙin sallamar ma'aikata da hayar ofis, kayan da ke sito na wa za su zama. Ku adana kowane rasit, domin ranar da takardar ta iso, abin da ke rubuce kaɗai ake biya.