Gwajin ƙwaya kafin ɗaukar aiki: ina makomar ma'aikacin da ya riga ya shiga ofis?

A ƙarshen shekarar 2025 ne Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ya umarci ma'aikatu da hukumomi da su riƙa yi wa masu neman aikin gwamnati gwajin miyagun ƙwayoyi, tare da haɗin gwiwar hukumar NDLEA. Shugaban hukumar, Birgediya Janar Mohamed Buba Marwa mai ritaya, ya daɗe yana kiran a yi hakan tun bayan kama aikinsa a watan Janairun 2021. Sai dai umarnin ya tsaya ne a bakin ƙofa. Wanda ya kwashe shekara goma yana sa hannu a rajistar zuwa aiki, alhali kullum sai ya haɗiyi ƙwaya kafin ya iya zama a kujerarsa, wannan gwaji ba zai iske shi ba.

Binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar da tallafin Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe raɗaɗi irin su Tramadol ba bisa umarnin likita ba. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Waɗannan shekaru su ne na ƙarfin aiki, don haka babu dalilin zaton cewa katangar Sakatariyar Tarayya ta tsare matsalar a waje.

A wurin aiki, shaye-shaye ba kasafai yake farawa da neman maye ba. Direban da ya baro Mararaba ko Kubwa tun kafin asuba, ya wuni yana jiran maigida, sannan a ce da shi a kama hanyar Kaduna da daddare, yakan nemi abin da zai kore masa gajiya. Hadimin da barci ya ƙaurace masa yakan nemi maganin barci a kyamis. Jiki kuwa yana sabawa, ƙwaya ɗaya ta koma biyu. Tramadol da aka amince da shi a asibitocin ƙasar nan mai nauyin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda jami'ai ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa yakan kai 225, kuma yawan shansa na iya jefa mutum cikin farfaɗiya, ko da yana riƙe da sitiyari.

A asibiti lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin mai shan maganin yakan kasance shi ke riƙe da makullin kabad ɗin. Likitoci a Najeriya sun sha yin rubutu kan allurar Pentazocine, wadda ake yi wa masu ciwon sikila da waɗanda aka yi wa tiyata, da yadda wasu marasa lafiya da ma'aikatan lafiya ke kamuwa da jarabarta har fatar cinya da ta hannu ta lalace da gyambo. Abokan aiki sukan lura, sukan kuma yi shiru, don kada a ce su ne suka raba ɗan'uwa da abincinsa. Wannan rufin asiri, mai kama da tausayi, majinyacin da ke kwance shi ke biyan kuɗinsa.

Shi kansa gwajin fitsari yana da iyaka. Kodin yakan ɓace daga fitsari cikin 'yan kwanaki, wiwi kuwa kan iya yin makonni a jikin wanda ya saba da ita. Tramadol ba ya bayyana a gwajin gama-gari na dangin kodin sai an yi amfani da nasa na musamman. Gwajin kuma ba ya bambance wanda likita ya rubuta wa magani da wanda ya saya a bayan fage, shi ya sa sakamakon farko ke bukatar tabbatarwa a ɗakin gwaje-gwaje kafin a yanke wa kowa hukunci.

Dokokin aikin gwamnati sun lissafa maye cikin laifukan rashin ɗa'a, kuma hanyar da aka sani ita ce takardar neman ba'asi, sannan kwamitin ladabtarwa. Ma'aikacin da ya san haka zai ɓoye ciwonsa har sai haɗari ya tona shi. Binciken da aka ambata ya gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda shaye-shayen ya yi wa katutu sun nemi magani amma ba su samu ba, saboda tsada, da tsoron tsangwama, da ƙarancin cibiyoyi.

Wuraren jinyar dai akwai su, ko da ba su wadata ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba, da Aro a Abeokuta suna karɓar masu wannan larura, NDLEA kuma tana da layin waya na kyauta da ake samun masu ba da shawara dare da rana. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin majinyaci da sirrinsa. Abin da ya rage yana hannun manyan sakatarori da daraktocin kula da ma'aikata: su fayyace a rubuce cewa wanda ya kawo kansa kafin a kama shi zai samu hutun jinya, bayaninsa zai tsaya tsakaninsa da likita, kujerarsa kuma za ta jira shi ya dawo.